Janar Kenneth Walker: yaya wanda ya saɓa wa umarni ya sami lambar jarumta?

Ɗalibin Tarihi, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum, iyaye da malaman wannan zaure. Ina neman ƙarin haske game da Birgediya Janar Kenneth Walker, kwamandan jiragen jefa bama-bamai na Amurka a kudu maso yammacin tekun Fasifik, wanda ya ɓace da jirginsa ranar 5 ga Janairu, 1943, bayan hari a kan tashar jiragen ruwa ta Rabaul, a tsibirin New Britain kusa da Niyu Gini, da ke hannun Japan. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, shugabansa Janar George Kenney ya hana shi bin jirage zuwa fagen daga, ya kuma ce a kai harin da asuba, amma Walker ya mayar da shi tsakar rana, sannan ya shiga jirgi da kansa. Duk da haka aka ba shi lambar jarumta mafi daraja a sojan Amurka. Shin jarumta ce aka saka wa, ko kuwa taurin kai ne mutuwa ta rufa wa asiri?

Malamin Sakandare, Gusau:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ba za ka fahimci ranar mutuwarsa ba sai ka san abin da ya shekara yana koyarwa. An haife shi a jihar New Mexico a 1898, ya shiga soja a ƙarshen 1917, ya zama hafsa a Nuwamban 1918, wato daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare, saboda haka bai ga wannan yaƙin ba. Ya yi aikin koyar da tuƙin jirgi, ya yi zama a Filifin, amma inda sunansa ya fito shi ne makarantar dabarun yaƙin sama, wadda ya gama a 1929, aka kuma riƙe shi yana koyar da darasin jefa bama-bamai har 1933.

Aƙidarsa a can ita ce, idan manyan jirage suka tashi cikin ayari mai tsari, da rana tsaka, daga can ƙololuwar sama, kowane jirgi yana kare ɗan'uwansa da bindigoginsa, to babu mai iya tare su. Claire Chennault, wanda ke koyar da aikin ƙananan jiragen farauta a makarantar, ya yi ta jayayya da shi a kan haka, amma ɓangaren Walker ne ya rinjaya. A watan Agustan 1941, shi da Harold George da Haywood Hansell da Laurence Kuter suka zauna a Washinton, cikin kwana 9 suka rubuta shirin yaƙin sama da Jamus, wanda aka gina kacokan a kan wannan aƙida.

To, abin mamaki, ba Turai aka tura shi ba. An yi masa ƙarin girma zuwa birgediya janar a Yunin 1942 aka aika shi Ostireliya, a Satumba kuma ya karɓi ragamar jiragen bama-bamai a ƙarƙashin Kenney. A nan babu masana'antun da shirinsa ya tanada, sai jiragen ruwa masu tafiya suna kauce-kauce, ga ƙarancin jirage da kayan gyara. Kenney yana son a sauko ƙasa-ƙasa a saki bam ya yi tsalle a kan ruwa ya daki gefen jirgin abokan gaba, Walker kuwa yana ganin wannan ya saɓa wa duk abin da ya koyar. A ganina, harin tsakar ranar nan ci gaban gardamar da ke tsakaninsu ne.

Tsohon Samanja, Zuru:

Allah ya gafarta Malam, bayaninka ya gamsar, amma mu da muka sa kaki muna da abin cewa. Idan ƙaramin soja ya sauya lokacin aiki ba da izinin na sama da shi ba, gadurum zai kwana, ko da aikin ya yi kyau. Wannan kuwa bai ma yi kyau ba. Jirage 12 kacal suka tashi daga Port Moresby da ke Niyu Gini, shida ƙirar B-17, shida B-24, domin waɗanda ake jira daga arewacin Ostireliya yanayi ya hana su tashi. Kafin su isa Rabaul, ayarin jiragen ruwan da aka aike su nema ya riga ya bar tashar, ya kuma je ya sauke sojojin Japan a Lae da ke gaɓar Niyu Gini, waɗanda daga baya suka nufi garin Wau. Takardar lambar yabon ta ce an daki jiragen ruwa 9, amma binciken bayan yaƙi ya nuna guda ɗaya ne ya nutse, Keifuku Maru.

Sannan ba ransa kaɗai ya sa a haɗari ba. A cikin jirgin, mai suna San Antonio Rose, akwai Manjo Allen Lindberg, kwamandan wata runduna ta jirage, da Jack Bleasdale, shi ma babban hafsa. Mutum biyu sun diro da laima, Japanawa suka kama su, kuma babu wanda ya fito da rai daga hannunsu. Janar ya san sirrin da matuƙin jirgi bai sani ba. Da shi aka kama fa? Kenney da kansa ya ce idan Walker ya dawo zai tsawata masa ya tura shi hutu Ostireliya, Janar MacArthur kuwa, babban kwamandan yankin, ya ce idan bai dawo ba zai nema masa lambar. Ka ga ke nan hukuncin ya rataya ne a kan dawowa ko rashinta.

Malama, Argungu:

Baba Samanja, ina girmama maganarka, sai dai akwai abu biyu da ya kamata a sa a ma'auni. Na farko, sauya lokacin yana da dalili: harin asuba yana nufin jiragen su tashi cikin duhu su keta tsaunukan Niyu Gini, kuma da wuya su haɗu su yi sahu kafin su isa, alhali kariyarsu duka tana cikin sahun. Na biyu, lambar ba ta wannan rana kaɗai ba ce, domin takardar ta ƙidaya tun daga 5 ga Satumba, 1942, watanni huɗu da ya yi yana bin yaransa zuwa hare-hare don ya ga da idonsa abin da suke fuskanta. Mutumin da ya yi shekaru yana faɗa wa ɗalibai cewa babu mai iya tare ayarin jirage, yanzu kuma yana tura samari su gwada maganar da rayukansu, ina ganin zama a ofis ya yi masa nauyi. Wannan bai wanke shi daga saɓa wa umarni ba, amma ya bambanta shi da mai neman suna. Shugaba Roosevelt ya miƙa lambar ga babban ɗansa a fadar White House ranar 25 ga Maris, 1943, a 1948 kuma aka sa wa sansanin jiragen sama na Roswell sunansa.

Malamin Sakandare, Gusau:

Malama ta yi adalci ga mutumin, sai dai aƙidar tasa ba ta tsira ba. A farkon Maris 1943, wata biyu bayan ɓacewarsa, jiragen Amurka da na Ostireliya suka afka wa ayarin Japan a tekun Bismarck, mafi yawan ɓarnar kuma masu saukowa ƙasa-ƙasa irin na Kenney ne suka yi ta, aka nutsar da jiragen dakon sojoji 8 gaba ɗaya da jiragen yaƙi 4. A Turai ma, ranar 14 ga Oktoba, 1943, Amurka ta rasa jirage 60 cikin 291 a harin Schweinfurt, dole aka dakatar da kutsawa cikin Jamus sai da aka sami jiragen rakiya masu dogon zango irin P-51. A wannan gaɓar Chennault ne ya yi gaskiya.

Tsohon Samanja, Zuru:

Malam, ka bar wani abu da ke goyon bayan tsoron Kenney. Wanda ya gaji kujerar Walker, Birgediya Janar Howard Ramey, shi ma ya shiga B-17 don aikin leƙen asiri ranar 26 ga Maris, 1943, washegarin ranar da aka miƙa lambar, ya ɓace a yankin mashigin ruwan Torres da ke tsakanin Ostireliya da Niyu Gini. Runduna ɗaya ta rasa kwamandoji biyu cikin ƙasa da wata uku, kuma kowane ɗayansu sai da aka cire wani gogaggen hafsa daga aikinsa aka maye gurbin.