Waɗanda suka zaga Alƙahira da ɗan jagora, yaya kuka ƙare?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Zan kai Baba asibiti Alƙahira, kuma za mu samu rarar kwana ɗaya. Masauƙinmu sun ce suna da mota da ɗan jagora na yini guda. In biya, ko mu yi ta kanmu?

'Yar kasuwa daga Kano: Ɗana, biya, amma a rubuta wuraren tun kafin ka miƙa kuɗi. Mu minti arba'in aka ba mu a Giza, inda dalar Fir'aunoni suke. Ni da na taso da labarin dalar gyaɗa, ina tsaye gindin dalar Khufu, dutse ɗaya ya kusa kai mini kafaɗa, abu ya shekara 4,500, ban gama salati ba aka ce mu hau mota. Ina za a? Shagon turare. Awa guda da rabi ana ɗura mana shayi ana shafa mana turare a hannu. Ashe ɗan jagoran yana da la'ada a duk kwalbar da aka saya.

Ɗalibi a Azhar: Hajiya ta faɗi gaskiya. Shagon fafirus, takardar Masarawan da, ma haka ne. Amma yaya, kada ka raina jagora a tsohon gari. Shekarata guda ina wuce masallacin Amru bin As ban san tun wajen shekarar 642 Miladiyya aka kafa shi ba, kuma shi ne na farko a Masar. Ka ce a kai ku Ƙal'ar Salahuddin, tsohuwar fadar nan mai ganuwa, da safe, sannan Azhar da la'asar, kasuwar Khan Khalili na tsallaken titi.

Wani malamin makaranta: Gawarwakin Fir'aunoni fa ba sa gidan tarihin dandalin Tahrir yanzu. Tun 2021 aka mayar da guda 22 gidan tarihin Fusɗaɗ, a tsohon gari. Namu jagoran bai faɗa ba sai da muka yanki tikiti.

Direba mazaunin Jidda: Ni raƙumi ya ci kuɗina. Mun yi ciniki na hau, da zan sauka mai shi ya ce kuɗin hawa na biya, na sauka daban. Ina can sama, jagora ya juya baya yana waya.

'Yar kasuwa daga Kano: Af, na manta Baba ba shi da lafiya. Kada a shiga da shi cikin dalar. A duƙe ake hawa, ga zafi, ƙarshenta ɗaki ne da akwatin dutse babu komai ciki.

Mai tambaya: Na gode, Hajiya. Malam, daga Fusɗaɗ zuwa Ƙal'a akwai nisa?