Zan kai Hajiyata Rüdesheim, amma na ga garin giya ne. Ku ba ni shawara

Maman Ilham, Offenbach

Assalamu alaikum jama'a. Hajiyata ta zo mini jego daga Kano, ƙarshen Satumba kuma bizarta za ta ƙare. Tun da ta sauka ba inda ta sani sai gida, asibiti da shagon Turkawan da muke sayen nama. Raina bai so ta koma ba ta ga komai na ƙasar nan ta Jamus ba. Wata abokiyar aikina ta ce in kai ta Rüdesheim, bakin kogin Rhine, wai ba nisa a jirgin ƙasa. Da na duba hotunan garin sai gabana ya faɗi, ko'ina kwalabe ne da mutane riƙe da kofin giya. Hajiya ba za ta taɓa zama a irin wurin nan ba, ni ma ba zan kai ta ba. To akwai abin gani a can ban da wannan? Sannan tana fama da gwiwa, ba ta iya hawan tudu sosai, ga jaririya 'yar wata uku. Da maigida za mu je, ranar Asabar muke so.

Baffa Mainz

Wa alaikumus salam. Barka da arziƙi 'yata, Allah Ya raya Ilham, a gaida Hajiya.

Ku je. Hotunan da kika gani yawancinsu na lungu ɗaya ne, sunansa Drosselgasse. Tsawonsa mita 144 ne kacal, faɗinsa kuma mutum uku ba sa jerawa cikin walwala, shi ne cike da gidajen giya da kaɗe-kaɗe. Ba dole sai kun bi ta nan ba. Daga tasha ku miƙe ta bakin kogi, ku ɗauki wani lungun ku haura titin Oberstraße, a nan tashar motar igiya mai hawa tudun bayan garin take.

Wannan motar igiyar ita ce maganin gwiwar Hajiya. Tun 1954 take aiki. Ƙananan kwanduna ne masu cin mutum biyu, a buɗe suke, suna tafiya a hankali a saman gonakin inabi, kamar minti goma kun kai sama. A Satumba inabin ya nuna, za ta leƙa ƙasa ta ga nonnansa rataye layi-layi, wata rana har da masu tsinka da bokitai da almakashi. Tudun yana da tsayi ƙwarai, wani wurin mota ba ta shiga, da hannu ake aikin. Na san duk wanda ya tashi a gidan noma sai ya tsaya ya ƙare wa gonakin nan kallo, ko da kuwa bai yarda da abin da ake yi da amfaninsu ba. Jaririyar ki goya ta ko maigida ya rungume ta a ƙirji, kada ki dogara da keken jariri a wannan hawan. In kuma Hajiya ta ga kwandon ta ce ba da ita ba, akwai hanyar mota har sama, da wurin ajiye motoci kusa.

A saman akwai mutum-mutumin da ake kira Niederwalddenkmal. Wata mace ce mai suna Germania, ta ɗaga kambin sarauta da hannun dama, takobi a hagu, gaba ɗaya ginin mita 38. An buɗe shi a 1883 don tunawa da haɗewar Jamus ta zama ƙasa ɗaya a 1871, bayan yaƙinsu da Faransa. Ni dai ba don shi nake hawa ba. Abin da ke kai ni shi ne farfajiyar da ke gabansa. Daga nan kogin yana ƙarƙashinki gaba ɗaya, ga garin Bingen a tsallake, ga inda kogin Nahe ya shigo cikin Rhine, ga jiragen dakon kaya dogaye suna haurawa da ƙyar saboda ƙarfin ruwa. Akwai bencina, Hajiya ta zauna ta huta son ranta. Bayan wurin kuma daji ne mai inuwa, hanyarsa shimfiɗaɗɗa. A nan muke ratsewa mu shimfiɗa darduma in azahar ta yi, ba wanda ya taɓa ce mana uffan. Ku yi alwala tun daga ƙasa.

Za a yi muku tallan tikitin zagaye, wanda ake hawa ta Rüdesheim, a taka a ƙafa cikin dajin, a sauka ta Assmannshausen, a dawo a jirgin ruwa. Yana da daɗi, amma ba naku ba ne a wannan karon. Tafiyar ƙafar ta fi rabin awa, kuma abin saukar na can kujera ce da ƙafafu ke reto a iska. Ba da jaririya ba. Ku sayi na zuwa da dawowa kawai.

Hadiza Koblenz

Baffa ya faɗi gaskiya, amma ni da zan zaɓa wa Hajiya abu ɗaya, jirgin ruwa zan zaɓa. Ba hawa ba sauka, tana zaune duniya na wucewa ta gabanta. Daga Rüdesheim da Bingen zuwa nan Koblenz kilomita kusan 65 ne, UNESCO ta sa yankin cikin kayan tarihin duniya a 2002, kuma tsofaffin fadoji na dutse da ke kan duwatsunsa sun kai 40. Ku shiga daga Rüdesheim ku sauka a St. Goarshausen, wajen awa biyu in ana bin ruwa. Kada ku dawo a jirgin ruwan, haurowa ta fi daɗewa sosai, yarinya za ta gaji. Jirgin ƙasan da ya kawo ku daga Frankfurt, maƙwabciyar Offenbach ɗinku, wato RB10, yana bi ta St. Goarshausen, shi za ku hau ya mayar da ku. Ki dai duba manhajar jiragen da daddare, don ana yawan gyaran layi a ƙarshen mako.

Kuna tashi kaɗan za ku ga wata siririyar hasumiya a kan tsibiri, Mäuseturm. Almararsu ta ce wani bishop na Mainz, wato babban limamin coci, mai suna Hatto ya ɓoye hatsi lokacin yunwa ya hana talakawa, ɓeraye suka bi shi har cikin hasumiyar suka cinye shi. Ki ba Hajiya labarin nan, za ta so shi. Daura da ita a kan tudu kangon fadar Ehrenfels ne, sojojin Faransa suka rusa ta a 1689. A Kaub kuma akwai wata farar fada a tsakiyar ruwa, Pfalzgrafenstein, an gina ta ne don karɓar haraji daga jiragen da ke wucewa. Da yawa daga fadojin nan da kuɗin kogin aka raya su. Daga ƙarshe sai dutsen Loreley, mita 132 a kan ruwa, inda kogin ya tsuke ya yi kwana.

Yanzu maganar ciki, don ita ce ta fi damuna da baƙinmu. Kada kowa ya sha abin da ake kira Rüdesheimer Kaffee. Za ki gan shi a kofi mai kyau da kirim a sama, ki ɗauka gahawa ce kawai, alhali barasar Asbach ake zubawa a kunna mata wuta kafin a zuba gahawar. Cakulan ɗin da ake sayarwa a shagunan tsaraba ma da yawa akwai barasar a cikinsu, ki karanta bayan kwali. A Satumba kuma ko'ina za ki ga Federweißer, fari-fari ne mai zaƙi, kamarsa ɗaya da kunun zaƙi, amma sabuwar giya ce da ke kan tsima. Wanda ya halatta shi ne Traubensaft, ruwan inabi zalla, shi za ki tambaya da sunansa. Flammkuchen kuma, wani abinci mai kama da pizza, na asali da naman alade ake yin sa. Ni dambun nama da biredi nake ƙullawa daga gida, da shayi a fulas.

Ɗan Damagaram, Bingen

Sannu Aunty. Ni karatu nake yi a Bingen, kullum ina hango mutum-mutumin nan daga tsallake. Ranar Asabar a Satumba Rüdesheim cika take yi maƙil, motocin 'yan yawon buɗe ido tun hantsi suke sauke mutane, layin motar igiya ya yi tsawo. In Yaya zai samu hutu ranar Talata ko Laraba, ya fi. In ba hali, ku isa da sassafe.

In kun sauko kuka ga hayaniya ta yi wa Hajiya yawa, ku tsallako wajenmu. Babu gada a nan, wadda take da aka rusa ta a 1945, kuma daga Mainz har Koblenz ba wata. Jirgin fito ake shiga, 'yan mintuna ne. Bakin ruwan Bingen an gyara shi a 2008, shimfiɗaɗɗe ne, ga ciyawa ga furanni ga wurin zama, keken jariri yana tafiya sumul. Abu ɗaya nake roƙo, kada Yaya ya ga ruwan ya kwanta ya ce zai sa ƙafa. Rhine yana ja ta ƙasa, kuma in babban jirgi ya wuce ruwan yakan janye ya dawo da ƙarfi. Duk bazara sai an ji ya ci mutane.

Maman Ilham, Offenbach

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya, ta ce jirgin ruwa take so, kwandon kuma sai ta gani da idonta. Baffa, za mu iya haɗa biyun a yini ɗaya?

Baffa Mainz

Za ku iya, in kun bar Frankfurt da wuri, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce. Ku fara da hawan da safe kafin layi ya taru, ku sauko ku kama jirgin ruwan bayan azahar. Ki duba lokacin tashinsa tun kafin ku hau sama, don ba kowace awa yake tashi ba. Ki ɗaukar wa Hajiya rigar sanyi da mayafi mai kauri, saman jirgin akwai iska ko da rana ta take.