Wane wayarin ya dace da Fijo 504 da aka sa wa injin Toyota?

Mai 504, Gwammaja:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana wutar mota da ke wannan zaure. Ina da Fijo 504 a-kori-kura, irin wadda aka harhaɗa a Kaduna, kuma na cire tsohon injinta mai kafireta domin a ɗora mata injin Toyota 3RZ mai lita 2.7, wanda ke aiki da ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa inji. Ina kuma son a sa mata esi da fankar lantarki biyu a gaban lagireto. Matsalar ita ce tsohon wayarin ɗin ya bushe, robar tana karyewa da zarar an lanƙwasa ta, sannan akwai ɗauri barkatai da aka naɗe da tef. An ba ni zaɓi uku: in sayi cikakken wayarin na Beljiyam a Ƙofar Ruwa, ko in yi odar sabon damin wayoyi daga waje mai layi 12 ko 21, wato yawan hanyoyin wutar da ke cikinsa, ko kuwa in bar mai gyaran wuta ya haɗa mini da hannu. Wanne ya fi dacewa da zafin Kano da irin hanyoyinmu?

Mai gyaran wuta, Kwakwaci:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a yi maganar inda za a saya, ya kamata a raba aikin gida biyu, domin motar da ka bayyana wayarin biyu take buƙata. Akwai na inji, wanda ke haɗa ƙwaƙwalwa da nozul da koyil da sansoshi, akwai kuma na jiki, wanda ke kai wuta ga fitilu da hon da waifa da sauransu. Sabbin damman da ake tallatawa da layi 12 ko 21 na jiki ne kawai, ba za su tayar da injin 3RZ ba.

Na inji, shawarata ita ce ka same shi daga motar da aka ciro injin, tare da ƙwaƙwalwarsa, domin 3RZ ya fito a Hilux da Hiace da Prado cikin shekaru daban-daban, kuma soket ɗin ƙwaƙwalwar ba iri ɗaya ba ne a cikinsu duka. Idan ka sayi inji a wani shago, ƙwaƙwalwa a wani, wayarin a wani, to za ka daɗe kana zarya tsakanin gareji da kasuwa. Ka tabbatar ba a datse damin da almakashi lokacin da ake farke motar ba, ka kuma tambaya ko ƙwaƙwalwar mai kulle ce, domin idan mai kulle ce, sai an haɗa maka da makullinta da na'urar da ke karanta shi. Ka kuma lura cewa damin da aka ciro daga mota mai sitiyarin dama tsawonsa yana nufar ɓangaren da ba namu ba, don haka sai an sauya wurin da ƙwaƙwalwar za ta zauna ko a ƙara tsawon wayoyi masu yawa.

Na jiki kuwa, ban ga dalilin sayen na Beljiyam ba. Kowane wayarin na 504 da za ka samu a kasuwa ya tsufa kamar wanda kake cirewa, kuma ba a yi shi domin ɗaukar nauyin esi da fanka biyu ba.

Injiniya, Zoo Road:

Na yarda da rabon da malam ya yi, sai dai ina so in tsaya a kan ingancin ita kanta wayar, domin a nan ne haɗin hannu yakan ba da kunya ko da mai aikin gwani ne. Waya da yawa da ake sayarwa a nannaɗe alminiyam ce aka shafa mata tagulla a sama. Irin wannan tana ɗaukar kusan kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari ne kawai na wutar da tagulla zalla mai kauri ɗaya ke ɗauka, tana saurin karyewa saboda jijjigar mota, kuma tana ruɓewa a wurin ɗauri idan damina ta kama. Gwajinta ba shi da wuya: a feƙe robar, a kankare silin da reza, idan fari ya bayyana a ciki to a ajiye ta. Idan aka kara mata wutar laita, silin alminiyam yakan lanƙwashe ya ruɓushe, na tagulla kuwa ya yi ja ya tsaya.

Sai kuma robar da ke jiki. Wayar mota ta gama-gari mai robar PVC an yi ta ne don zafin da bai wuce kusan digiri 80 ba, amma irin waɗanda ake rubuta wa GXL ko TXL suna jure digiri 125. Wanda ya taɓa buɗe bonet a cunkoson Ƙofar Mazugal cikin watan Afrilu, lokacin da zafin gari kansa ke haura digiri 40, ya san wacce zai zaɓa. Wannan ne babban abin da sababbin damman kamfanoni irin su Painless da American Autowire suka fi haɗin hannu da shi, tare da cewa an buga sunan aikin kowace waya a jikinta, ta yadda wanda zai gyara motar nan gaba ba zai yi lalube ba.

Game da yawan layi, Alhaji, ka ƙirga da kanka: manyan fitilu, ƙananan fitilu, fitilar birki, sigina, fitilar ribas, hon, waifa, rediyo, mitoci, fitilar ciki, wurin caji, iskar esi, kwamfuresa, fanka, famfon mai, da ƙwaƙwalwa. Ka riga ka wuce 12, saboda haka mai 21 ne naka. Amma ka sani cewa waɗannan damman bisa tsarin motocin Amurka aka yi su, kuma soket ɗinsu ba zai shiga makunnin sitiyarin 504 kai tsaye ba.

Mai 504, Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, na duba farashin mai layi 21, kuma idan aka haɗa canjin dala da kuɗin jirgi da na kwastan, abin ya fi ƙarfin lissafina. Idan na koma haɗin hannu, me zan gindaya wa mai aikin?

Mai gyaran wuta, Kwakwaci:

Alhaji, haɗin hannu zai yi, muddin kai ne ka sayo wayar bayan ka yi gwajin da Injiniya ya faɗa, kuma ba a kuskura an sa wayar gida mai sili ɗaya ba. Akwatin fiyus da rile (makunnin lantarki da ke ɗauke wa makunnin hannu nauyin wuta) na asali daga motar Toyota da aka farke ya fi sabo mara suna da ake sayarwa da arha, kuma a Ƙofar Ruwa ba ya wuyar samu. A sa babban fiyus dab da batir, domin duk tsawon wayar da ke gabaninsa ba ta da kariya. Manyan fitilu, waɗanda kowane ƙwai mai wat 60 ke jan kusan amfiya 5, a ba su rile, haka ma kowace fanka a ba ta nata rile da fiyus, kada nauyinsu ya bi ta tsohon makunni. Fiyus kuwa da kaurin waya ake auna shi, don haka idan mai lamba 15 yana yawan ƙonewa, a nemo dalili, kada a cusa mai lamba 30.

Abin da ba zan yi sassauci a kansa ba shi ne famfon mai. Wasu sukan haɗa shi kai tsaye da makulli domin su huta, wanda ke nufin idan aka yi haɗari inji ya mutu, famfon zai ci gaba da watsa fetur. A bar shi a kan rilen da Toyota ta tsara, wanda ke yanke shi idan inji ya tsaya. Duk ɗauri a matse shi da kan waya, ba a murɗa a naɗe da tef ba, a sa zoben roba a duk ramin da dami zai ratsa ƙarfe, sannan a ja waya mai kauri daga ɓangaren negetif na batir zuwa inji da zuwa jikin mota, a kankare fentin wurin kafin a ɗaure. Ka kuma nemi ya zana maka taswirar aikin a takarda kafin ka biya cikon kuɗinsa.