Ta ƙaura da ɗana zuwa Ngaundere

Baban Ummi, Garwa: Jama'a, kotu ta ba tsohuwar matata riƙon ɗanmu, ta kuma ba ni damar ganinsa duk Asabar, amma ta ƙaura Ngaundere tana hana ni. Mece ce mafita?

Malam Buba: Ƙanena, hukuncin yana nan daram. Dokar laifuka ta Kamaru ta 2016, sashe na 355-1, ta tanadi hukunci ga wanda ya hana ziyarar da kotu ta bayar. Ka sa jami'in isar da takardun kotu ya rubuta shaidar hanawar.

Goggo: Ɗana, kafin ƙara ka tura dattawa gidansu, sannan ka roƙi alƙali ya mayar da Asabar hutun makaranta, domin tafiyar ta yi wa yaro nisa.