Baba ya kasa kiran sunana amma yana karanta Fatiha, me ke faruwa?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Bayan ƙaramar sallah mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama, sanadiyyar hawan jini. Tun daga nan maganarsa ta ɗauke. In zai kira sunana sai ya buɗe baki kalmar ta ƙi fitowa, har ransa ya ɓaci. Amma da zarar ya kabbara sallah, Fatiha yake kawowa tiryan-tiryan babu gargada. A gida wasu na cewa hankalinsa ne ya gushe, wasu na cewa jifa ne. Ni dai in na kalli idonsa na san yana gane mu. Don Allah mai sani ya taimaka.

Nas Ɗin Dare:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Hankalinsa na nan, ɗan uwa. Likitoci na kiran wannan larura afaziya, kuma an daɗe da saninta. A 1861 wani likita a birnin Faris, Paul Broca, ya duba wani majiyyaci mai suna Leborgne wanda ya shafe shekara 21 a asibiti, kusan ba ya iya furta komai sai "tan". Amma yana fahimtar abin da ake gaya masa. Da ya rasu, Broca ya duba ƙwaƙwalwarsa ya tarar da lahani a gaba ta ɓangaren hagu. Hagun ƙwaƙwalwa shi ke juya damar jiki, kuma a wurin yawancin mutane can ne ake haɗa magana. Shi ya sa shanyewar dama take yawan zuwa da ɗaukewar baki.

Ita kuwa Fatiha, abin da mutum ya maimaita tun yana yaro, kamar addu'a, ƙirga da waƙa, ba sai ya haɗa shi sabo ba, kuma ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, wanda ciwon bai taɓa ba, na da hannu wajen fito da shi. Har a Boston ta Amurka, a 1973, aka fito da hanyar koya wa irin waɗannan majiyyata magana ta hanyar rera kalmomi.

Hajiyar Funtuwa:
Ɗana, na yi jinyar surukata da irin wannan ciwo. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne 'yan dubiya su zauna a kanta suna zancenta kamar ba ta wurin. Ku hana wannan. Ku riƙa tambayarsa abin da zai amsa da kai, i ko a'a, kuma kada ku yi saurin ƙarasa masa magana. Shawarar gida ma ku ci gaba da kai masa, har yanzu shi ne maigida.

Ɗan Gwammaja:
Na gode Hajiya, na gode Nas. To zai dawo yana magana?

Nas Ɗin Dare:
Da yawa suna samun sauƙi, musamman a watannin farko, wasu kuma a hankali har shekaru. Ku nemi likitansa ya tura ku wurin masu koyar da magana, ban da gashin jiki. Ku gwada fara masa "Litinin, Talata" ku ga ko zai ɗora. Maganin hawan jinin kuma kada a tsallake ko kwana ɗaya, don ciwon na iya dawowa.