Wane gam ne zai riƙe fallen katako a jikin ganga?

Assalamu alaikum iyayena kafintoci da masu haɗa ganga, musamman na nan Kumasi. Ina gyara wasu gangunan kiɗa na bature na wani ɗan'uwa a Zongo. Na ɓare tsohuwar robar da ke jikinsu, ina so in lulluɓe su da siririn fallen katakon sapele, mai kaurin milimita 0.6, da na samo a kasuwar katako ta Sokoban.

Gam ne ya tsaya mini. Na fara da Evo-Stik, na shafa wa ɓangarorin biyu, na bari ya sha iska sannan na manna. Ya kama kyau, amma da gangar ta ji rana sai fallen ya kumbura wuri-wuri, ka danna da yatsa ya kwanta, ka ɗaga ya taso. Da na shafa fenti mai tina (ruwan tsinka fenti) kuma, bakin haɗin ya buɗe. Farin gam na kafintoci kuwa ruwansa yana sa fallen ya kumbura ya yi tamoji kafin in gama naɗe shi, ga jikin ganga zagayayye, ba inda zan matse shi daidai.

To, wanne zan kama? Wani dattijo ya ce in shafa farin gam a duka biyun, ya bushe, in bi da dutsen guga mai zafi. Akwai wanda ya yi haka ya ga ya jure damina da hunturu? In kuwa epoxy ne, wato gam ɗin da ake haɗa ruwa biyu, ɗaurin robar tiyub zai isa matsi? Fallen da ya rage mini kaɗan ne, don Allah a taimaka.