Mu raɗa wa odiyoloji da ɗan'uwansa sunan Hausa

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Akwai fannoni biyu na kiwon lafiya da in za mu ambace su sai mun ari bakin Bature: odiyoloji, wato fannin ji, da wanda suke kira sifich-langwej fatoloji, wato fannin magana. Ɗalibin da ya shiga ɗayansu, ranar da mahaifiyarsa ta ce masa "wai me kake karantawa ne?" sai ya kama kame-kame. Ina so mu tsayar musu da suna, har da karatun da ake yi kafin a shige su.

Bari in fara da karatun, don shi ne mai sauƙi. A Amurka ba a zama ƙwararre a fannin magana sai da digiri na biyu, fannin ji kuwa sai da digirin dakta da ake kira AuD. Wanda ya yi digirinsa na farko a wani fanni daban, kamar adabi ko ilimin halayyar ɗan Adam, dole ya ɗauki wasu darussa kafin a karɓe shi: ilimin furuci da rubutun sauti, ƙirar gaɓoɓin magana da na ji, yadda yaro ke koyon harshe, da kimiyyar sauti. Jami'o'i da dama suna koyar da su ta intanet, Jami'ar Jihar Utah ma har cikakken digirin farko take bayarwa ta wannan hanya ga wanda ya riga ya mallaki wani. Ƙungiyar ƙwararrun magana da ji ta Amurka, ASHA, wadda aka kafa a 1925, ta shar'anta wa ɗalibin fannin magana awa 400 na horo: awa 25 yana kallon gwani na aiki, awa 375 shi da kansa gaban masu lalura. In za a raɗa wa darussan nan na kafin shiga suna, "karatun share fage" ya yi, kowa ya san shi. Amma na fi son "darussan cike giɓi ta intanet", domin mai yin su ba sabon shiga jami'a ba ne, abin da ya rasa kawai yake cikewa.

To, sai odiyoloji. Abin da zai fara zuwa bakin kowa shi ne "likitan kunne", kuma ban yarda da shi ba. Likitan kunne muna da shi, shi ne na kunne, hanci da maƙogwaro, mai rubuta magani, mai fiɗa. Wannan kuwa aikinsa daban. Zai sa mutum a ɗakin da ba ƙara, ya ɗora masa abin sauraro a kunne, ya riƙa sako sauti daga mai kauri zuwa siriri, daga 250 zuwa 8,000 a ma'aunin hats, yana rage ƙarfinsa har ya gano inda jin mutum ya tsaya. Shi ke gwada jarirai sabuwar haihuwa, shi ke saita na'urar ƙara ji, shi ke bin wanda aka yi wa dashen na'ura a cikin kunne, yana kuma duba masu hajijiya saboda daidaiton tsayuwa a can cikin kunne yake. Fannin ya kafu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sojoji suka dawo ƙarar bindiga da bam ta taɓa musu kunne, Raymond Carhart na Jami'ar Northwestern na cikin waɗanda suka aza harsashinsa. In muka kira su biyun da suna ɗaya, mai neman awo zai je layin fiɗa.

Sai a ce to "ilimin rashin ji". Nan ne tarkon yake. A Hausa yaro mai rashin ji ba kurma ba ne, mai ƙiriniya ne. "Ba ya jin magana" zargi ne. Ku duba yadda wannan ke cutar da yaron da kunnensa ne ya yi rauni: an kira shi bai waiwayo ba, an aike shi ya kawo wani abu daban, sai a ce kunnen ƙashi gare shi, a ɗauko bulala. Don haka nake roƙon 'yan jarida da masu fassara su bar "rashin ji" gaba ɗaya a wannan fage, su ce "raunin ji", in kuma jin ya tafi duka a ce kurumta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 ne ke buƙatar kulawa saboda raunin ji, bai kamata sunan lalurarsu ya zama sunan laifi ba.

Abin da na tsaya a kai: fannin, "ilimin ji da awonsa", mai aikin, "masanin awon ji". Kalmar awo ta riga ta zauna a asibitocinmu, ana zuwa awon ciki, ana zuwa awon ido. Tsohuwa a ƙauye in an ce mata a kai jikanta awon ji, ba sai an yi mata bayani ba.

Ɗan'uwan nasa ya fi wuya. "Likitan harshe" zai sa a zaci mai duba tsokar da ke cikin baki ne. "Mai gyaran murya" kuwa, gyaran murya a wurinmu shi ne abin da maigida ke yi a zaure kafin ya shiga gida. "Gyaran furuci" ya yi ƙunci, ya ɗauki tsamin baki ya bar sauran. Aikin ya haɗa in'ina, da yaron da ya kai shekara uku bai haɗa kalmomi ba, da wanda aka haifa da tsagar leɓe ko ganɗa, da malamin da muryarsa ta dishe ta ƙi dawowa. Ya haɗa da dattijon da ya samu shanyewar ɓarin jiki, harshensa na motsi lafiya amma kalmomin sun ɓace masa, lalurar da Paul Broca ya danganta da wani sashe na hagun ƙwaƙwalwa a Faransa tun 1861.

Turanci ya buƙaci kalmomi biyu, sifich da langwej, don ya raba fitar sauti da sanin harshe. Mu ba mu buƙata, "magana" ta ɗauke su duka. Hujjata ita ce kurame a ƙasar Hausa suna kiran harshensu maganar hannu, ba sauti ko ɗaya a ciki, kuma magana ce cikakkiya. Saboda haka na zaɓi "ilimin lalurorin magana", mai aikin kuma "masanin lalurar magana". Na san a bakin jama'a "likitan magana" za a ce, kamar yadda ake cewa likitan gashin ƙashi, ba kuma mai hana wannan. Amma a allon asibiti da takardar makaranta a rubuta masani, tunda ba ya rubuta magani, ba ya fiɗa.

Wani abu ga mai shirin cike giɓin nan: darussan an gina su ne a kan sautukan Turanci. Ba za su koya maka bambancin ɓ da b, ko ƙ da k, ko ra-gare da ra-kaɗe ba, balle karin sauti da tsawon wasali waɗanda ke sauya ma'ana a Hausa. Wannan sai ka nema wurin malaman sashen harsunan Nijeriya, su da suka daɗe da kalmomi irin su hanƙa, ganɗa, handa da tantanin maƙwallato.

Saura abu ɗaya da sunan da na kawo bai rufe ba: haɗiya. Masanin lalurar magana shi ne ke duba majinyacin da ke shaƙewa in ya sha ruwa ko kunu bayan shanyewar jiki, kuma a asibitocin Amurka wannan babban kaso ne na aikinsa. In muka ce "masanin lalurar magana da haɗiya" sunan ya yi tsawo, in muka bar ta kuma dangin majinyaci ba za su san wurinsa za su je ba. Ni na karkata ga a rubuta shi da tsawonsa a allon asibiti. Malaman Hausa da ma'aikatan jinya, ku da kuke tare da majinyatan nan kullum, me kuke ce wa mai wannan aikin in za ku tura dangi wurinsa?